Baba Barka da Jaka Mara Nauyi

A filin jirgi babu wanda bai san Baba Barka ba, tun daga masu tura amalanken kaya har matar da ke goge daɓen zauren saukar fasinja. Amma da za ka tare su ka ce su faɗa maka sunansa na gaskiya, sai dai su sosa ƙeya su ce ka tambayi ofis. Aikinsa kai kaya gida. Idan jirgi ya kawo mutum ya baro jakarsa a wata ƙasa, mutumin zai je ofishin kayan da suka ɓata ya zazzage masifarsa, ya ba da adireshi da lambar waya, ya tafi yana huci. Ran da jakar ta biyo wani jirgin, Baba Barka ne zai saka ta a tsohuwar farar bas ɗinsa da aka cire wa kujerun baya, ya ratsa gari da ita har ƙofar gidan mai ita.

Da dako ya fara, tun yana saurayi. Shi ne na cikin tumbin jirgi, wanda ke durƙushe yana karɓar akwatuna yana jerawa, ga zafi ga ƙarar inji. Yakan ce ya shiga jirgi fiye da matuƙinsa, amma ko sau ɗaya ba a taɓa tashi da shi ba. A haka ya yi aure, a haka aka haifa masa 'yan mata uku, har ranar da ya sunkuya zai ɗauki wani akwati bayansa ya ce shi kam ya gama. Ya yi wata da watanni a kwance, matarsa na riƙe da gida da ƙanƙarar da take sayarwa daga firiza biyu da suka cinye rabin falonsu. Da ya miƙe, shugabar ofishin kaya, wata doguwar mace mai tabarau wadda ba ta dariya sai ta ga dalili, ta ce tunda ya iya tuƙi ya zo ya riƙa kai wa mutane kayansu.

Sunan Barka kuwa bakinsa ne ya jawo masa. Tun a makon farko ya gane cewa wanda aka ɓatar wa jaka ba ya ganin kamfanin jirgi, wanda ya kawo jakar yake gani, kuma a kansa yake sauke fushin da ya tara. Wata mata ta taɓa tsare shi a ƙofa tana tambayarsa me ya sa ya bar kayanta a wata ƙasa, shi da ko iyakar gari bai cika wucewa ba. Sai ya samo dabara. Tun daga bakin ƙofa, kafin kowa ya ɗaure fuska, zai ɗaga murya ya ce barka da dawowa, ga saura ya iso. Ya ƙara da 'yar zolaya, ya ce jakar ta tsaya yawon buɗe ido ne, ko ta ga miji a hanya. Mutum ya fito da niyyar faɗa sai ya tsinci kansa yana dariya, har a kawo wa direba ruwan sanyi. Matarsa takan ce ko ledar cefane ya shigo da ita gida sai ya yi wa kansa barka.

To, a cikin dubban jakunkunan da suka bi ta hannunsa, guda ɗaya ce ta hana shi sakat, kuma har yau in zancenta ya taso sai ka ga yana ta murza makullin mota.

Baƙa ce, babba, sabuwa fil, mai taya huɗu, da ɗan kwaɗo a bakin zif. Da safe ya same ta a sito cikin kayan da zai kai ranar. Ya gyara tsayuwa saboda bayansa, ya tattaro ƙarfi ya ɗaga, sai ta taho masa sama kamar kwalin banza, har ya kusa faɗuwa da baya. Wani abu ya gangara a ciki, ya bugi gefe, ya tsaya. Baba Barka ya dubi takardar da ke maƙale a hannunta, ya ga daga wata ƙasa mai nisa ta fito, irin inda mutane ke zuwa aikin gini su yi shekaru. Masu dawowa daga can ya san jakunkunansu, har zif ke yagewa don cika. Ya kira lambar da ke jiki aka ce a kashe take. Bai kawo komai a ransa ba, ya ce ai ga adireshi.

Gidan yana can bayan layin dogo, a ƙasan wani tsohon bene da fentinsa ya ɓaɓɓake. Akwai 'yar baranda a gaba, wata mata mai kimanin shekarun babbar 'yarsa tana zaune tana taka keken ɗinki, ga labule shuɗi a ƙofar ɗaki. Ya sauke jakar, ya jawo ta, ya yi sallama, sannan ya saki muryar nan tasa da ake ji har hawa na uku.

"Masu gida, barka da dawowar matafiyi! Ga jakarsa ta biyo shi, ta ce ba za ta zauna can ita kaɗai ba."

Keken ya tsaya. Matar ta ɗago ta ce, "Wane matafiyi, Baba?"

Ya karanto mata sunan.

"Yayana ne," in ji ta. "Amma ai yana can. Rabonmu da shi shekara da shekaru."

"Ya sauka, 'yata. Shi da bakinsa ya ba da adireshin nan a ofishinmu, an kwana biyu ma."

Ta miƙe da sauri tana yi masa alama da hannu ya rage murya, amma aikin gama ya gama. Labulen ya motsa, wata tsohuwa ta fito tana dafa bango, 'yar ƙarama, ƙafafunta a kumbure cikin silifas. Ta dubi jakar, ta dubi bayan Baba Barka, ta leƙa titi hagu da dama.

"Wa ya dawo?"

"Ba kowa, Inna, ɓatan gida aka yi," in ji 'yar.

"Na ji abin da ya ce. Ƙafa ce ta mutu, kunne yana nan." Ta juyo wajen Baba Barka. "Malam direba, ina ka baro shi?"

Baba Barka ya ce wataƙila ya tsaya wani uzuri ne, yana nan tafe. Dokar aiki ba ta yarda a bar jaka ba mai ita bai sani ba, don haka ya mayar da ita mota yana ba da haƙuri. Da zai tashi ya duba madubi, ya ga tsohuwar ta sa an fito mata da kujerar roba an ajiye a bakin baranda, tana fuskantar titi. Duk kwanar da ya sha a hanyar komawa, abin nan na cikin jakar sai ya gangara daga wannan gefe zuwa wancan.

Shugabar ofis ta saurare shi ta saman tabarau. Ta ce fasinja ya sauka lafiya, nan aikin kamfani ya ƙare, inda ya nufa bayan ya fita ƙofa ba ruwan kowa. Ta ce a mayar da jakar sito har mai ita ya neme ta. Baba Barka ya roƙe ta ta bar masa ita a mota, ko Allah zai sa wayar ta shiga. Ta ce ya je, amma kada ya sa kansa a abin da ya fi ƙarfinsa.

A gida matarsa tana ɗaure ledojin ƙanƙara ya ba ta labari. Ta ce, "Malam, mutum ya sauka a garinsu ya ƙi zuwa wajen uwarsa, ai akwai abin da ya koro shi. Ko dai ya yi wata matar a ɓoye?" Ya ce shi ma ya yi wannan tunanin, amma mai sabuwar mata ba ya dawowa da jaka wayam. Ta ajiye ledar hannunta ta dube shi.

Kullum sai ya gwada lambar, da safe, da rana, da yamma. Wata rana yana layin shan mai, rana ta take, ya danna don sabo kawai, sai ya ji tana ringi. Aka ɗauka. Murya ce ta namiji, ƙasa-ƙasa, a bayansa ana jin ƙarar guduma da injin kwaɓa siminti. Baba Barka ya faɗi ko shi wane ne, ya ce jaka ta iso.

"Ina ka kai ta?"

"Adireshin da ka bayar."



"Innata ta gan ka?"

"Ta gan ni. Ta kuma ji ka dawo, ni na faɗa, ban sani ba."

Mutumin ya ja numfashi. Sannan magana ta ɓalle masa, irin ta wanda ya daɗe bai sami mai sauraro ba. Ya ce kamfanin da yake wa aiki a can ya rushe, aka watsar da su, ya yi ta gararamba har aka haɗa masa tikitin dawowa. Shekaru yana gaya wa Inna a waya ya saya mata kaza, ya ajiye mata kaza, ran da zai zo sai an ɗauko mota biyu. Ita kuma tana gaya wa maƙwabta. Jakar ma a hanyar filin jirgi ya saye ta, don kada ya sauko yana kaɗa hannu a gaban mutane. Babu komai a ciki sai kofin shayinsa na ƙarfe. Da ba ta fito ba ya ji har daɗi, ya tsaya dai a gaban bel ɗin kaya har kowa ya watse, sai wata ma'aikaciya ta zo ta ja shi ofis. Kunya ta hana shi cewa a bar ta. Da aka ce adireshi, kafin ya yi tunani bakinsa ya faɗi na gida.

"Ɗana, ka zo mu je," in ji Baba Barka. "Ni zan kai ka da motata. Tana zaune a waje tana duban hanya."

"Ba yanzu ba, Baba. Na sami ɗan aiki. Bari in sa wani abu a cikinta tukuna. Ka riƙe min, zan kira ka. Don Allah kada ka gaya musu yadda take."

Kafin ya tambaye shi a wace unguwa yake, ya kashe. Daga ranar lambar ba ta sake shiga ba.

Ba a daɗe ba ƙanwar mutumin ta kira Baba Barka, don ta karɓi lambarsa tun zuwan farko. Ba ta ko gaishe shi da kyau ba. Ta ce ya zo ya ga abin da bakinsa ya jawo, Inna ta ƙi shiga ɗaki sai duhu ya yi, abinci ma a bakin baranda take ci, in ta ci ke nan. Ta ce kuma Inna ta ce ya taho da jakar.

Ya je. Wannan karon ya yi sallama a hankali kamar mai shiga ɗakin mara lafiya. Ya gaya musu ya yi magana da mai jakar, yana lafiya, aiki ne ya riƙe shi. Tsohuwar ta saurara ba ta katse shi ba, sannan ta ce a kawo mata jakar nan gabanta. Ya jawo ta a kan tayoyinta, yana addu'a a ransa ta tsaya a kallo. Ta shafa samanta, ta taɓa kwaɗon, ta kama hannun. Ya ce, "Inna, bari, za ta yi miki nauyi." Ba ta kula shi ba. Ta ɗaga, jakar ta tashi a hannun tsohuwar da ko butar ruwa sai an ɗaukar mata. Kofin ya gangara.

Ta riƙe ta a haka na ɗan lokaci, sannan ta ajiye a hankali. Ƙanwar ta juya fuska wajen kekenta.

"Wannan ne ya hana shi zuwa?" in ji tsohuwar. Ta juyo wajen Baba Barka. "Malam direba, kai kake samunsa. Ka gaya masa na ɗaga jakar da hannuna. Ka ce na san abin da ke ciki, na san abin da babu. Ka ce ba abin da zai gaya min wanda ban riga na sani ba, ya zo haka nan. Jakar kuma ka mayar motarka, shi zai shigo da ita."

Baba Barka ya ce in Allah ya yarda yau ɗin nan zai faɗa masa. Ya fita ransa fari, don yana ganin magana ta ƙare, wannan saƙo ko dutse ya ji sai ya taso. Bai ko tayar da mota ba ya kira. A kashe.

Nan wahalarsa ta fara. Mutumin da aikinsa ke nan kai wa mutane abinsu, ga shi da saƙo a baki ya rasa inda zai sauke. Bai ma san fuskar mai jakar ba sai wani tsohon hoto da ƙanwar ta tura masa a waya, saurayi mai ƙiba yana dariya a gaban wani dogon gini. In ya gama kai kayan ranar, sai ya bi wuraren da ake gini, ya faka, ya shiga cikin leburori yana nuna hoton. Wasu su ce kamar sun gan shi, wasu su ce ya yi kama da wani da ya bar aiki. Akwai ranar da ya bi wani mai ɗauke da bulo har hawa na huɗu, da bayan nan nasa, mutumin ya juyo ashe ko kama ba su yi ba. Ya bar lambarsa wajen masu shayi da masu gadi. Ya tura saƙon a rubuce ya fi a ƙirga, ko ɗaya bai nuna ya shiga ba. Abin ya shige masa rai sosai. In ya tsaya a danja ya ga wani ramamme a gefen titi da ƙurar siminti a gira, sai ya ƙura masa ido. Barkar nan ma ta ragu a bakinsa, yanzu sai ya ga wanda ya buɗe ƙofa ya tabbatar shi ne matafiyin kafin ya ce komai. Yaran sito suka fara tambayarsa ko ba shi da lafiya.

Duk ran da hanya ta bi da shi ta bayan layin dogo sai ya tsaya. Tun daga nesa yake hango kujerar robar. Tsohuwar ta san ƙarar motarsa, kafin ya kashe ta riga ta miƙe wuya tana duban kujerar gefen direba.

"Ka faɗa masa?"

"Ban same shi ba tukuna, Inna."

"To. Ka dai ci gaba."

Haka damina ta shigo ta same ta a wajen. Feshin ruwa yana jiƙa mata zane, ta ƙi matsawa. Tari ya kama ta, ƙafafun suka ƙara kumbura, fuskar ta zabge. Wata rana da yamma ƙanwar ta tare Baba Barka a bakin mota kafin ya ƙarasa, idanunta jawur. Ta ce likita ya ce in ba a daina zaman nan ba a shirya wa abin da zai biyo baya. Ta ce, "Baba, kai ka fito da ita, kai za ka mayar da ita. Ka gaya mata wani abin da zai kwantar mata da hankali. Ko mene ne."

Daga mota zuwa baranda ya yanke shawara. A ganinsa abin da ke cin ta shi ne saƙon bai isa ba. In ta ji ya isa za ta sami sauƙi, ta koma ɗaki ta jira a kan gadonta kamar kowa. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Ka faɗa masa?"

"Na faɗa masa, Inna. Jiya na same shi."

Ta gyara zama. "Duka? Har da cewa na ɗaga?"

"Duka, ban rage komai ba."

"Me ya ce?"

Wannan bai shirya mata ba. Ya ce, "Ya ce yana gaishe ki. Ya ce yana nan tafe in ya ɗan kimtsa."

Tsohuwar ta daɗe tana dubansa. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta juya ta kalli titin, mashin ya wuce, wata mai tallan lemo ta wuce.

"Ya ji ke nan," ta ce. "Da ina cewa don bai ji ba ne."

Ta dafa hannun kujerar ta miƙe da ƙyar, ta ce wa 'yarta ta shigar da kujerar ciki. A nan Baba Barka ya gane abin da ya yi. Ya tashi ya biyo ta.

"Inna, tsaya. Wallahi ƙarya na yi miki. Ban same shi ba, wayarsa a kashe take tun rannan. Bai ji komai ba. Tambayi 'yarki."

Ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta ɗaya a kan labule, ta waiwayo. Har ɗan murmushi ta yi masa.

"Kai mutumin kirki ne, Malam direba. Ba sai ka rufa masa asiri ba. Allah ya yi maka albarka, ka huta da zuwa haka nan."

Ta shige. Ƙanwar ta ɗauki kujerar ta bi bayanta, ba ta dube shi ba.